Zuwa ga Babana, a Yamai

Assalamu alaikum. Gida lafiya, sai ni da barci ya ƙaurace wa tun da yaron maƙwabta ya dawo Tawa. Ya ce ya gan ka a unguwar Harobanda ka rame, wuyan riga ya yi maka yawa, idanu jajur. Da na tsare shi, sai ya ce a ɗakunan ɗalibai ana kwana zaune kan shayi saboda rubutun kundi, wasu har tramol suke jefawa a ciki. Bai ce har da kai ba, amma bai yarda mun haɗa ido ba.

Babana, ka san abin da ƙwaya ta yi wa kawunka. Kai ka riƙe masa buta ranar da aka dawo da shi. Shi ma da "don in ji ƙarfin aiki" ya fara. Wallahi gara ka dawo mini babu masta da ka dawo mini kamarsa. In ma ɗaya ka taɓa sha, ka faɗa mini da bakinka kafin in ji a bakin duniya.

Abin da ke ba ni haushi, girman kai irin na gidanku. Kana cikin Jami'ar Abdou Moumouni, CROU, hukumar kula da jin daɗin ɗalibai, na da wurin cin abinci da tikiti mai rahusa, da ɗakin shan magani, da ofishin jin koken ɗalibai, amma wai kai ka girma, ka wuce bin layi da ƴan shekarar farko. Yunwa ta san mai digiri? Asibitin Lamorde ga shi nan kusa da ku, sai ka tsaya wurin mai tallar magani a faranti? Takardunka na ANAB, hukumar ba da tallafin karatu, ka kai su ko suna cikin jaka? Waɗannan abubuwa ba sadaka ba ne. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai 3 suka rasa ransu wurin zanga-zangar neman irin waɗannan haƙƙoƙi a gadar Kennedy da kake tsallakawa kullum, mahaifinka na cikin waɗanda suka dawo babu takalmi.

Malamin da ke duba kundinka ma ka je ka same shi, ka ce aiki ya yi maka yawa, ya ƙara maka lokaci. Ya ga irinka da yawa.

Na san za ka ce ni na matsa ka ci gaba, na hana ka bin su Alhaji kasuwa. Na matsa, kuma gobe ma zan matsa. Amma ban ce ka sayar da lafiyarka ba.

Na aiko da jika 20 ta Nita, ga cuku da kilishi a hannun direba, ka tare motar safe. Ka je likita ya duba ka, ka kira ni da bidiyo in ga fuskarka. Ƙanwarka ta ce ka tuna alkawarin waya.

Allah ya yi maka albarka.

Innarka