Wane "daidai" baƙonku yake nufi?

Assalamu alaikum Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Na fi shekara goma ina sauraron tasharku ban taɓa rubuto muku ba, amma maganar baƙonku na daren Talata ta tsaya min a rai. Sau uku ina ƙirgawa yana cewa komai ya koma daidai a makarantun sakandare yanzu da aka buɗe su bayan rufewar da cutar korona ta jawo a wannan shekara ta 2020, har da ƙarin cewa yara ba su yi asarar komai ba tunda an koyar da su ta rediyo da waya. Shi kuma mai gabatarwa ba abin da yake cewa sai "haka ne, ranka ya daɗe". Ko tambaya ɗaya mai nauyi bai yi masa ba. Na kira layinku har katina ya kusa ƙarewa, ban samu shiga ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Ba su yi asara ba? Tun cikin watan Maris aka rufe makarantu, ba a buɗe wa sauran azuzuwa ba sai Oktoba. Wata kusan bakwai ke nan. 'Yan ajin ƙarshe ne kawai aka kira a Agusta domin jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan, su ma ɗin bitar 'yan kwanaki aka yi musu aka tura su ɗakin jarrabawa. To yaron da ya yi wata bakwai bai ga allo ba, a ce bai rasa komai ba? Ko ɗinki kake koyo ka ajiye keke wata bakwai, sai ƙafarka ta manta taku.

Ni 'ya'yana biyu ne a sakandare. Babbar mace ce, tana SS2 ɓangaren kimiyya, ƙaninta yana JSS3. Bari in gaya maka yadda karatun rediyon nan ya kasance a gidana. Rediyo ɗaya gare mu. Lokacin dokar kulle ta watan Afrilu, wadda ta haɗe da azumi, kasuwa a rufe take, ni da nake cin abinci a Kantin Kwari ina zaune a gida ina lissafin kwanon shinkafar da ya rage. Ranar da aka sassauta doka a fita cefane, wa yake tuna batir? Duk da haka yarinyar nan ta yi ƙoƙari, Allah ya shi mata albarka. Takan zauna da littafinta ta kasa kunne. Amma ka gaya min yadda ake koyon lissafi ko kemistiri da kunne kawai, ba ka ga abin da malam yake rubutawa ba, ba ka da halin ɗaga hannu ka ce ban gane ba. Mako biyu ta yi ta haƙura. Zancen waya kuwa, wayar gidan mai intanet tawa ce ni kaɗai, data da kuɗi ake saye, caji kuma sai an kai shago domin wuta sai ta ga dama take zuwa. Wataƙila 'ya'yan baƙonku kowa da kwamfutarsa a ɗaki. Allah ya ƙara masa. Amma kada ya auna gidajen Kurna da Rijiyar Lemo da ma'aunin gidansa.

Da aka koma, sai aka ce musu za a ƙarasa abin da ya rage na shekarar cikin 'yan makonni a yi jarrabawa a wuce gaba. Yanzu kullum tana dawowa da shafi biyar, shida na rubutun da aka cika allo da shi aka ce su kwafa. Kwafa kawai. Na ce ta bayyana min abu ɗaya daga ciki, ta dube ni ta ce, "Baba, malam ya ce mu rubuta tukuna, bayani sai an samu lokaci." Yaushe za a samu lokacin? Wannan yarinyar ita ce za ta zauna WAEC da NECO nan gaba kaɗan, kuma masu shirya tambayoyi ba za su rage ko lamba ɗaya ba don an yi korona. Ranar da sakamako ya fito, mu iyaye za a ce ba ma sa ido, yara kuma a ce sun lalace da kallon waya.

Malamin lissafinsu ma bai dawo ba. Mutumin kirki ne, na san shi. Yana haɗa koyarwa a nan da wata makarantar kuɗi, can ɗin kuma tun da aka rufe ba su ba shi ko sisi ba. Ya karɓi Adaidaita Sahu yana ja, kuma ya ce min abin da yake samu a mako ya fi abin da alli yake ba shi. Ban ga laifinsa ba. Har yau ajin ba su da tsayayyen malamin lissafi, wani ne yake leƙo su idan ya samu sarari. Wannan ma daidai ne?

Na namijin ya fi damuna. Da zama ya yi yawa, na ce maimakon yawon unguwa ya riƙa bin wani ɗan'uwanmu Farm Centre yana koyon gyaran waya. Ni na kai shi da hannuna, ba zan ɓoye ba. Yaro ya fara jin ɗumin kuɗi a aljihunsa. Yau idan na tashe shi makaranta sai mun yi daru, yana ce min ajin ma ba abin da ake yi sai surutu. Abokansa biyu sun daina zuwa gaba ɗaya. A ajin yayarsa kuma akwai 'yan matan da aka ɗaura wa aure a cikin hutun, bencinsu wasu ne a kai yanzu. Ba wanda ya zo ya tambayi ina suke. Da mai gabatarwarku ya tambayi baƙon nan yara nawa ne suka fita a Maris ba su dawo a Oktoba ba, da na ce shirin ya yi amfani.

Baƙon naku ya kuma yi ta yabon matakan kariya daga cutar. Ranar farko, gaskiya, an yi abin a gani: bokiti mai famfo a bakin ƙofa, sabulu, wani malami riƙe da na'urar auna zafin jiki yana saita ta a goshin kowa, wanda ba shi da takunkumi a kora shi gida. Ni kaina na saya musu takunkumin yadi bibbiyu wajen tela. Ka je yau ka gani. Bokitin yana nan, ruwa ne babu, domin makarantar ba ta da famfo mai aiki, sai an sayi jarka wajen 'yan garuwa. Takunkumi yana aljihu, ana fito da shi a bakin ƙofa a mayar bayan taron safe. Ana ta cewa a ba da tazarar mita 2, alhali su huɗu suke matsuwa a benci ɗaya, wasu a ƙasa kan tabarma, 'yata ta ce ajinsu sun haura 80. Idan wannan yake nufi da an koma daidai, to na yarda, an koma yadda ake tun kafin cutar ta zo. Mu da muka ga yadda aka yi ta jana'izar dattawa a garin nan cikin Afrilu, ba a yi mana wasa da wannan zance.

Ba ina cewa a sake rufe makarantu ba ne, Allah ya kiyaye, zaman gidan ya fi komai ɓarna. Abin da nake so shi ne a daina gaya mana ba a yi asara ba. A faɗi gaskiya, sannan a zauna a ga yadda za a cike giɓin, ko da darasin Asabar ne, ko a rage hutu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku sake shirin nan, ku gayyato malamin aji na gaske wanda yake shan ƙurar alli, da uwa ɗaya, da ɗaliba ɗaya, ku bar layi a buɗe fiye da minti biyar ɗin da kuka saba.

Sannan don Allah, tunda na riga na ɗauki biro: tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa daidai lokacin cin abincin dare. Mutum yana zaune da iyalinsa, sai a fara ambaton abubuwan da ko a majalisar maza sai an rage murya. Rannan surukata tana gidan, sai da na yi wuf na kashe rediyon, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Idan dole ne sai kun saka, ku kai shi bayan ƙarfe 11 na dare.

Na gode. A gaida ma'aikata.

Naku mai sauraro kullum,
Wani uba daga Kurna, Kano.