Zuwa ga ƙawata Hajiya Talatu

Assalamu alaikum. Talatuwa, kwana da yawa! Ya Fatakwal, ya Alhaji da yaran? Na san kina can kina cewa Asabe ta yi kuɗi ta manta da mutane. Ina fa kuɗi, gwiwa ce ta sa ni gaba.

Tun azumin bara nake fama. Da asuba sai ta dama ta riƙe, in na yunƙura ki ji ƙurus ƙurus kamar ana taunar ƙuli. Wani yaro mai kemis ya dinga ƙulla min haɗi a leda, babu suna babu takarda. Ina sha sai in ji ni garau. Kumatu suka ciko, ana ta "Hajiya hutu ya karɓe ki", har da Baba Yalwa, kin dai san bakinta. Ashe kumburi ne. Sai da cikina ya fara ci da wuta Sadiya ta ja ni asibitin koyarwa na nan Bauchi.

Likita ya zazzage ledar a tebur. Akwai diclofenac, mai jawo olsa da taɓa ƙoda in an daɗe ana sha, ga dexamethasone, ita ce mai kumbura fuska da tayar da suga da hawan jini. Ya hana ni yanke ta rana ɗaya, a hankali aka janye. Hoto ya nuna guringuntsin gwiwar ne ya cinye, ƙashi na gogar ƙashi. Amosanin gaɓɓai, ba sammun da Gwaggo ta rantse a kai ba.

Ina jiran a ce je ki kwanta ki huta, sai na ji wai tafiya, motsa cinya, rage ƙiba. Kowane kilo da na sauke, gwiwa na huta da nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. A garin masa, Talatu! Ke da kike cinye goma a Wunti, kar in ji dariyarki.

Af, an sa ranar Ummi, bayan babbar salla. Angon ɗan Gombe ne, Jekadafari. Ankon zai zo miki, kar ki ce ba a faɗa ba.

Ranar da na fara salla a kujera sai da na yi hawaye. Yanzu ina zagaye layinmu bayan la'asar, matakalar gidan Sadiya ma na hau jiya ban dafa kowa ba. In kin zo biki za mu Yankari in jiƙa gwiwar nan a ruwan ɗumin Wikki, ke ki tsare mana jaka daga birai.

Akwai abin da na ɗauko biro don in tambaye ki, ya shige min. Ki gaida Alhaji.

Taki,
Asabe