Masu fassara fim, ga labarin Sulaimanu ku juya mana shi zuwa Hausa

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki.

Don Allah a ba ni ɗan fili. Kwanan nan wani ƙanena ya turo min wani fim na Faransanci a waya, L'Histoire de Souleymane, wato labarin Sulaimanu, wanda Boris Lojkine ya yi a 2024, kuma wallahi tun da na kalle shi abin bai bar raina ba.

Yaro ne ɗan Gini, yana kai wa mutane abinci a kan keke cikin Paris, ba shi da takardu, to ba zai iya buɗe akawun a manhajar kai abincin da sunansa ba, sai ya yi hayar na wani yana biyansa Yuro 120 duk sati, mu nan kusan jika 79 ke nan ta sefa, ko ya samu ko bai samu ba. In manhajar ta ce a ɗauki hoton fuska, sai ya bar aiki ya ruga neman mai akawun ɗin. Da asuba tun bai gama wartsakewa ba zai buga 115, lambar gaggawa ta marasa wurin kwana, ya nemi gadon da zai kwana a daren, in motar da ke kai su makwancin ta tashi ba shi, to ranar sai kan matakalar wani bene. Ko salla da wanka a gurguje yake yi.

Amma abin da ya fi tsaya min shi ne maganar intabiyu. Saura kwana biyu ya je ofishin OFPRA masu duba neman mafaka, wani ɗan ƙasarsu ya sayar masa da labarin ƙarya, wai shi ɗan jam'iyyar adawa ta UFDG ne an ɗaure shi. Yana tuƙa keke yana hadda kamar mai tilawa. Da ya zauna gaban matar da ke yi masa intabiyun sai ta ce masa ta sha jin wannan labarin, ya faɗa mata nasa. Nan fa ya fashe, ya ce uwarsa ce ke da taɓin hankali, kowa ya guje ta, shi ya fito nema don ya riƙe ta. Ni a nan na ajiye wayar na ɗan fita waje. Dokarsu ta san wanda siyasa ta koro, talauci da ciwon uwa kuwa ba su cikin lissafi, shi ya sa yara ke sayen ƙarya da kuɗinsu. Fim ɗin ma ya ƙare ba a gaya mana amsar da aka ba shi ba.

Shi kansa Abou Sangaré da ya fito a Sulaimanun makanike ne a garin Amiens na Faransa, ya karɓi kyauta a bikin fina-finai na Cannes alhali ba shi da takardun zama, sai a Janairun 2025 aka ba shi na shekara ɗaya.

Edita, mu nan Maraɗi hanyar Agadas ba baƙuwarmu ba ce, balle tun da aka soke dokar 2015 ta hana safarar 'yan ci-rani a ƙarshen 2023. Samarinmu hoto kawai suke gani a Facebook, mutum ya sa jaket ya tsaya jikin motar da ba tasa ba, ba wanda zai turo hoton inda ya kwana. Ba na cewa kowa ya zauna gida, ni ma na san abin da ke korar mutum.

Roƙona ga masu fassara na Kano, kullum Indiya kullum Indiya, haba. Su nemi izinin masu shi su juya mana wannan zuwa Hausa, don yawancin masu shirin tafiyar ba sa jin Faransanci, musamman 'yan uwanmu na Najeriya. In ya fito ni zan fara saye, in haska shi a gidan kallon unguwarmu kafin a sa ƙwallo.

Naku,
Mai karatu daga Maraɗi, Jamhuriyar Nijar