Rahoton Ayyukan Shekara: Gyaran Tsohuwar Majami'ar Mishan

Iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa na gida da mazauna Zariya, salama a gare ku.

Aikin da ya fi cin ƙarfinmu bana shi ne tsohuwar majami'a. Kun san muhawarar da aka sha, wasu na cewa a rushe ta a sa bulo da siminti. Kwamiti ya tsaya kan gyara, kuma har gobe muna ganin daidai aka yi. Limaman SMA, wato ƙungiyar Fada-fada na Katolika masu aikin mishan a Afirka, sun kafa zangonsu na farko a arewacin kogunan Neja da Binuwai a Shendam a 1907, daga baya aikin ya yaɗu har ya iso ƙauyuka irin namu. Amma Fada bai zo da magina ba. Kakanninmu ne suka kwaɓa ƙasa, suka dunƙula tubali, suka ɗauko azara a ka. Wannan gini hannunsu ne.

Tun da rani magina suka fara da bangon gabas, inda ruwa ya fi duka. Sun ɓamɓare simintin da aka taɓa shafawa, domin yana riƙe danshi a ciki, ƙasa ta riƙa ruɓewa ba a gani. An sake yaɓe da makuba, an sauya azarar da gara ta ci, an sa sababbin indararo. Matasa sun yi gayyar ɗibar ƙasa, Zumuntar Mata kuwa su suka ɗauki nauyin ruwa da abinci har aka gama. Damina ta wuce, ɗaki bai yi yoyo ba.

Littattafan baftisma da na aure sun fi tayar mana da hankali, don gara ta riga mu zuwa wasu shafuka. Mun ɗauki hoton sauran ɗaya bayan ɗaya. Da yake sai a 2000 aka yanke Dayosis na Zariya, wato yankin da bishop ke kula da shi, daga na Kaduna, mun rubuta wa Kaduna muna neman tsofaffin takardun da suka shafe mu. An kuma fara naɗar muryoyin dattawa kan katikis na farko, wato malamin da ya fara koyar da addini a nan.

Gidan Fada da azuzuwan makaranta ba a taɓa su ba, kuɗi bai kai ba. Ma'aji zai karanta lissafi a babban taro bayan Misa. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a biya kafin nan, domin sai an gyara rufin azuzuwan kafin ruwa ya sauko.