Littafi Tara, Zango Shida: Labarin The Expanse Bai Ƙare a Talabijin Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafinku na adabi da fina-finai in faɗi albarkacin bakina kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu, tsakanin ƙanina da wani abokina da muke karatun littattafan Turanci tare tun muna makaranta. Gardamar a kan The Expanse ce, jerin littattafan labarin sararin samaniya da aka mayar fim mai dogon zango. Ƙanina ya kalli fim ɗin kashi 62 cif, ya ce shi ya gama, ba abin da zai kai shi ga littafi. Abokina kuwa ya haƙiƙance cewa masu fim sun ɓata labarin, shi ya sa ko zango na farko bai ƙarasa ba. Ni na karanta na kuma kalla, kuma ban goyi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ga wanda bai san labarin ba, wasu Amurkawa biyu ne, Daniel Abraham da Ty Franck, suka rubuta shi da sunan alƙalami guda, James S. A. Corey. Littafi na farko, Leviathan Wakes, ya fito a 2011, na tara kuma na ƙarshe, Leviathan Falls, a 2021. A cikin labarin 'yan Adam sun kasu gida uku. Akwai mutanen wannan duniya tamu, kimanin biliyan 30, ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Akwai mutanen Mars masu ƙarfin soja. Sai kuma talakawan da aka haifa a cikin duwatsun da ke shawagi tsakanin Mars da Jufita, su ne masu haƙo ma'adinai da jigilar ƙanƙara, amma ruwan da suke sha da iskar da suke shaƙa sai sun biya. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ƙofa da asuba yana jiran ɗan ga-ruwa, ba sai an yi masa dogon bayani ba kan abin da mutanen Ceres, mafi girma a cikin waɗannan duwatsu, suke ji idan aka ce an rage musu kason ruwa. Nan ne labarin ya fara kama ni.

Bari in fara da abokina, don shi ya fi tsauri. Ƙorafinsa na farko gaskiya ne. A littafi mutanen duwatsu dogaye ne sirara, masu manyan kawuna, saboda sun tashi a inda ƙasa ba ta jan jiki da ƙarfi, har wasunsu sun haura mita biyu. A fim kuwa galibinsu kamar ni da kai suke, sai zane a wuya da aski na daban. Amma in za a yi adalci, ina za a samo ɗaruruwan 'yan wasa masu wannan ƙira? Kuma masu fim ba su yi watsi da batun ba. Tun a farkon zango na ɗaya an nuna wani ɗan duwatsu da aka kawo duniya aka rataye shi a jikin bango da ƙugiya a hammata, ba duka ba zagi, nauyin jikinsa kaɗai shi ne azabar. Ina tuna yadda ƙanina ya ajiye cokali ya daina cin abinci lokacin da muka zo wurin nan.

Akwai kuma wuraren da fim ya zarce littafi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Camina Drummer, wadda Cara Gee ta fito a matsayinta, a littafi sai can wajen na biyar take ɓullowa, ba ta da wani kaso mai yawa a lokacin. Masu fim suka haɗa mata ayyukan mutum biyu zuwa uku na littafi, musamman Michio Pa, suka fitar da mace guda wadda in ta buɗe baki sai ka nutsu. Klaes Ashford a littafi na uku shugaba ne mai girman kai da rauni, ba wanda zai yi kewarsa. A fim David Strathairn ya mayar da shi tsohon ɗan fashi da duniya ta koya wa hankali, mai neman sulhu saboda ya gaji da binne yara. Chrisjen Avasarala, babbar jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ma ba ta cikin littafi na farko sam, amma aka shigo da ita tun kashi na ɗaya, kuma muryar Shohreh Aghdashloo, wadda ta fito a matsayinta, ta sa yanzu ko a takarda nake karanta maganarta, da wannan murya nake ji. Ga harshen mutanen duwatsu. A littafi 'yan kalmomi ne aka yayyafa, a fim kuwa aka ɗauko masanin harshe, Nick Farmer, ya gina shi da ƙa'idojinsa, har ka ji suna kiran kansu beltalowda. Marubutan biyu kuma suna cikin masu rubuta fim ɗin da shirya shi. Ba ƙwace aka yi musu ba, da hannunsu aka yi gyaran.

To amma ƙanina ya fi ɓata mini rai, saboda shi asara yake yi bai sani ba. Littafi yana sa ka cikin kan mutum. Kowane babi da idon mutum ɗaya ake ba da shi, a na farko Holden, shugaban jirgin sararin samaniya Rocinante, da Miller, ɗan sandan bincike a Ceres, su ne ke karɓa-karɓa. A na biyar, Nemesis Games, aka raba ma'aikatan jirgin Rocinante su huɗu, uku suka koma inda suka fito aka bar Holden, kowa da babinsa. Wurin da Naomi Nagata ta yi tsalle daga wani jirgi zuwa wani ba tare da rigar sararin samaniya ba, ta bar ɗanta a baya, na karanta shi ne a waya da tsakar dare, an ɗauke wuta, cajin saura kaɗan, ina zufa amma na kasa tashi in buɗe taga. Dominique Tipper ta yi ƙoƙari ƙwarai a wannan wurin, idonta ya yi ja, fuskarta ta kumbura. Sai dai abin da uwa take faɗa wa kanta a cikin waɗannan daƙiƙoƙi, kyamara ba ta iya ɗaukarsa. Haka ma nisan tafiya. A littafi ana shafe makonni da watanni tsakanin wuri da wuri, kana jin kaɗaici da gajiyar mutanen, a fim kuwa kafin ka ƙifta ido an isa.

Batun Alex Kamal, matuƙin Rocinante, ma ya sosa ran masu karatu, ni ma ina cikinsu. An kashe shi a ƙarshen zango na biyar bayan ɗan wasan ya bar shirin sakamakon wasu zarge-zarge da aka yi masa, alhali a littafi yana raye yana tuƙa jirginsa har zuwa na tara.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Fim ya tsaya ne a littafi na shida. Tashar Syfy ta fara nuna shi a Disambar 2015, ta ajiye shi a 2018 bayan zango uku. Masoyansa suka tashi haiƙan, har suka yi karo-karo suka ɗauki hayar ƙaramin jirgi ya yi shawagi da ƙyalle a saman ofishin Amazon a Santa Monica. Amazon ta karɓa ta ƙara zango uku, na ƙarshen kashi shida kacal, aka rufe a Janairun 2022. Littattafai uku suka rage ba a taɓa su ba, kuma a cikinsu ne amsar manyan tambayoyin take: su wane ne suka gina ƙofofin nan da suka buɗe hanya zuwa duniyoyi sama da 1,300, kuma mene ne ya hallaka su? A zango na shida kowane kashi yana buɗewa da wata yarinya a duniyar Laconia da wasu halittu masu kama da karnuka da ke gyara abin da ya mutu. Ƙanina ya ɗauka cikon lokaci ne. Wannan kuwa shi ne shimfiɗar littafi na bakwai, Persepolis Rising, wanda ya buɗe bayan kusan shekara talatin, jaruman sun yi furfura, gwiwoyi sun fara ciwo, ga sabuwar daula ta taso daga Laconia tana cewa mutum ɗaya ne zai mulki kowa don amfanin kowa. A ganina nan ne marubutan suka fi nuna gwaninta, kuma shi ne mai kallo bai taɓa gani ba.

Wannan rigima ba baƙuwarmu ba ce. Duk lokacin da aka mayar da littafin wani marubucinmu fim, za ka ji masu karatu na cewa an yanke, masu kallo na cewa karatu ɓata lokaci ne. Roƙona gare ku, Malam Edita, idan za ku yi sharhin irin waɗannan fina-finai, namu ko na waje, ku ba wanda ya karanta ya kuma kalla, ya faɗa wa mutane inda aka sauya da inda fim ya tsaya, don kada a bar su da rabin labari suna zaton cikakke ne.

Makon jiya na tura wa ƙanina littafi na bakwai. Na ce masa zai iya ɗorawa daga nan, sai dai ya sani Alex yana nan da ransa, kuma Drummer ɗin da zai tarar ba daidai take da wadda ya sani ba. Shekaranjiya ya kira ni bayan isha'i yana tambaya ko ina da na ɗaya, wai ya fi son ya faro daga tushe. Abokina kuwa har yanzu ina lallashinsa ya daure ya kai zango na biyu.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya