Kalmar Zargi a Harshen Sinanci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin masu koyon Sinanci kan wata kalma da ta daɗe tana ba ni wahala, wato huáiyí, wadda ake rubutawa 怀疑. Mu a Hausa muna raba shakka da zargi da tuhuma, amma su Sinawa kalmar nan guda ce ke ɗaukar dukkansu, ko maganar mutum ce ba ka gaskata ba, ko kuwa shi kansa kake zargi da sata.

Abin da ya fi burge ni shi ne gaɓar farko, huái, wadda asalin ma'anarta ƙirji ne, ko riƙe abu a zuci. Ita ce kuma ke cikin huáiyùn, wato ɗaukar ciki, kamar dai mai zargi yana rainon abin ne a cikinsa har ya girma. Gaɓa ta biyu, yí, ita ce shakkar kanta.

Dukkan gaɓoɓin biyu da murya mai hawa ake furta su, karin sauti na biyu cikin huɗu na Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci. Na sha sauke muryata a ƙarshe, malamina kuwa bai taɓa bari ta wuce ba.

Naka,
Wani mai karatu