Rage cin abinci ba ya sauƙaƙa naƙuda, ɗan yake tauyewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin magidanta da iyayenmu mata a jihar Gombe kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, tun daga cikin gari har Kumo, Dukku da Bajoga. Da zarar ciki ya kai wata shida, sai mace ta fara rage cin abinci, ta tura maganin ƙarin jinin da aka ba ta a wurin awo ƙarƙashin katifa, wai kada ɗa ya yi ƙato ta sha wuya. Ba mu raina wannan tsoro ba, domin kowa ya san wadda doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari. Amma yunwa ba ta buɗe ƙugu. Ɗan take tauyewa, kuma tauyewar na iya bin sa har girma.

Idan abincin da ke ratsa mabiyiya ya yi kaɗan, jikin ɗan yakan karkata jini zuwa ƙwaƙwalwa, ya rage wa ƙoda, hanta da tsoka rabonsu. A cikin ƙoda akwai ƙananan matatai masu tace jini, ana gama halittarsu wajen mako na 36 na ciki, daga nan ba a ƙara ko ɗaya. Wanda ya zo duniya da matatai kaɗan, su za su ɗauki aikin duka har ƙarshen rayuwarsa, shi ya sa hawan jini ke saurin kama shi. Gaɓar da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ita ma takan fito da rauni. Jikin da ya saba da tattali tun a ciki, in ya girma ya samu farar shinkafa, lemon kwalba da zaman shago, sai kitse ya taru a tumbi, ciwon suga ya biyo baya.

A shekarun 1980 likitan Ingila David Barker ya bi tsofaffin bayanan haihuwa, ya ga waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya. An ga irin haka a 'ya'yan matan Holan da yunwar 1944 zuwa 1945 ta same su da ciki. A nan gida ma, binciken da aka wallafa a 2010 kan 'yan kasuwar Enugu ya nuna waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin basasa sun fi waɗanda aka haifa bayan yaƙin hawan jini da hauhawar suga.

To, me ke sa jariri ya yi ƙato har ya maƙale? Yawanci suga ne da ya hau a jinin uwa. Sugan yana ratsa mabiyiya, jikin ɗan ya yi ta zuba insulin yana mai da sugan kitse, musamman a kafaɗu, har ya wuce kilo 4. Irin wannan jariri sugansa kan faɗi bayan an yanke cibiya, kuma shi ma yana cikin haɗarin ƙiba da ciwon suga nan gaba. Jiƙe-jiƙen da ake ɗura wa mai ciki da sunan maganin zaƙi ba sa sauke suga. Gwaji ake yi tsakanin mako na 24 da na 28: mace ta kwana ba ta ci komai ba, a ɗebi jini, ta sha giram 75 na sugan gulukos da aka narkar a ruwa, a sake ɗiba. Wadda ta taɓa haifar ƙaton jariri ko ɗa ba rai, mai ƙiba, da wadda ciwon suga ke danginsu, kada ta bari wannan lokaci ya wuce ta. Abin ragewa shi ne lemon kwalba, shayi mai kaurin suga da kunun da aka cika wa zaƙi, ba wake da ƙwai ba.

Ƙarin abincin da ciki ke nema ba shi da yawa. A wata ukun farko kusan babu ƙari. A na tsakiya kimanin kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) 340 a rana, a na ƙarshe 450. Dafaffen ƙwai ɗaya, kofin kindirmo da cikin tafin hannu na gyaɗa sun kusa cika wannan, a kan tuwon da aka saba. Ranar da babu ƙwai, a sa alale, awara, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ko busasshen kifin Dadin Kowa. Mace mai matsakaicin jiki ana so ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 kafin haihuwa, siririya 12.5 zuwa 18, mai jiki 7 zuwa 11.5.

Maganin ƙarin jini kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sha kullum: miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ayon mai gina jini da miligiram 0.4 na bitamin folik asid. Yana mai da bayan gida baƙi, wannan ba cuta ba ce. Mai tashin zuciya ta sha da dare bayan abinci. Inda ake kuskure shi ne korawa da shayi ko nono, domin suna hana hanji tsotse shi. A ba da tazarar awa biyu, a haɗa shi da gwaiba ko lemu. Folik asid ya fi amfani tun kafin ciki ya shiga, saboda ƙashin baya da ƙwaƙwalwa na rufewa cikin kwana 28 na farko, lokacin da amarya ba ta ma san ta ɗauka ba. Kunyar cikin fari da ke hana zuwa awo sai wata biyar tana jawo asarar da ba a iya mayarwa. Kwaɗayin farar ƙasa sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, a je a gwada. Zazzaɓin cizon sauro ma yana tauye ɗa ko da uwa na ci da kyau, don haka a kwana cikin gidan sauro, a karɓi maganin rigakafi daga mako na 13, wata-wata.

A madafa, a jiƙa gero da dawa su ɗan yi tsami kafin a dama, a rage kanwa, a rufe gishiri mai aidin a mazubi, a zubar da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, a tafasa madarar shanu kafin a sha.

Cefane yana hannun maigida, kuma a gidaje da yawa tsokar nama kwanonsa take fara zuwa. Muna roƙon magidanta su juya wannan na tsawon wata tara da jego. Hukumomin lafiya na jiha da ƙananan hukumomi kuma su tabbatar kowane ɗakin awo yana da sikeli mai aiki, kayan gwajin suga da na ƙarfin jini, a riƙa rubuta nauyin mace a katinta duk zuwa, domin wadda ta yi wata biyu ba ta ƙara ko kilo ɗaya ba a gano ta tun ciki bai tsufa ba.

Naku,
Wasu ungozoma da jami'an kula da abinci mai gina jiki,
Gombe.